Ranar da Na Kai Baba Filibus Gulbi

Ɗakin da na kama tun ina gida, da na iso Manchester sai na tarar babu shi a duniya. Titin yana nan a Fallowfield, lambar gidan ma tana nan, amma Baturiyar da ta buɗe mini ƙofa ta ce ita ke zaune a gidan tun kafin a haife ni, kuma ba ta taɓa ba kowa haya ba. Na nuna mata hotunan ɗakin a waya. Ta duba, ta girgiza kai, ta ce ba ni ne na farko da aka turo mata ba. Na kira mutumin da muka yi ciniki da shi, wanda ya yi ta ce mini "ɗan'uwa" da Hausa tsantsa. Wayar a kashe. Har yau a kashe take.

Sunana Nafi'u. Mutumin Yawuri ne ni, ɗan masunta, na zo yin digiri na biyu a kan harkar ruwa da muhalli. Ranar nan kuwa ban san komai ba sai ruwan da ke zuba a kaina, ga akwatuna a gefen titi, ɗaya cike da busasshen kifin da Inna ta ɗaure mini. Matar nan ta leƙo ta taga ta gan ni ban motsa ba. Ta fito da shayi a kofi da tsohuwar lema, ta nuna mini inda zan hau bus zuwa Oxford Road. Ta ce in je jami'a, ba za a rasa mutanenmu ba.

Ba a rasa ba. A ɗakin salla na haɗu da Malam Auwal, Bakano mai yin PhD. Ya ga akwatuna a bakin ƙofa, ya ga idona, bai tambaye ni komai ba sai da muka sallame.

"Daga ina?"

"Yawuri."

"An cuce ka ke nan."

"An cuce ni, Malam."

"To ɗauki ɗaya, in ɗauki ɗaya. Ɗakina ƙarami ne, amma ƙasa ba ta ƙare ba."

A ƙasan ɗakinsa na yi zangon karatu na farko, tsakanin gado da heater. Kifin Inna muka yi ta jefawa a miya har ya ƙare, kuma ranar da ya ƙare na fi jin baƙunta fiye da ranar da na sauka.

Manchester gari ne na ruwa, amma ba ruwan da mutum zai shiga ba. Daga sama yake zuwa, safe da yamma, siriri, mai sanyi. Akwai magudanan da suke kira canal, baƙi ƙirin, da keken kanti nutse a ciki. Ni da na tashi ina faɗawa Kwara kafin in karya kumallo, ni da Babanmu ya jefa a gulbi tun ban iya ɗaura wando ba, sai ga ni ina tsayawa a kan gada ina kallon ruwa kamar wanda aka yi wa iyaka da gidansu. Na bar matata Rashida da 'yarmu Ummi tana tatata. Dokar visa ba ta ba ni damar kawo su ba. A waya na ga Ummi ta fara gudu, a waya na ji ta fara haɗa magana. Wata rana Rashida ta tambaye ta ina Abba, sai ta je ta ɗauko wayar ta rungume. Rashida ta yi dariya tana ba ni labari. Ni ma na yi, don kada ta ji.

Da na gama karatu na nemi aiki a fannina har na gaji. Kowa ya ce takarduna sun yi kyau, kowa ya ce a yi haƙuri. Malam Auwal ne ya ce akwai aikin care a Birmingham, kula da tsofaffi a gidajensu. Na kama ɗaki a Aston, a wani gida da muke raba kicin da mutanen ƙasashe daban-daban, kowa da tukunyarsa da kwaɗonsa a kabad. Na shiga agency, kamfanin da ke tura ma'aikata gidajen. Daga wannan gida zuwa wancan, daga wannan bus zuwa wancan, ina wanke tsofaffin da ba su san sunana ba. Wata tsohuwa ta ce kada in taɓa mata kofi. Wani tsoho kuma kullum sai ya ɓoye mini biskit a aljihu. Ban taɓa gaya wa mutanen gida ainihin aikin da nake yi ba. Cewa nake ina ɓangaren lafiya.

Wata safiya manajarmu ta kira ni ta ce, wai gaskiya ne ina jin wani yare da ake kira Hausa? Akwai wani tsoho a Balsall Heath da ya kori duk wanda aka tura masa.

'Yarsa ce ta buɗe mini ƙofa. Sunanta Saratu, malamar makaranta, ta girme ni sosai, don haka Anti nake ce mata. A Birmingham aka haife ta, Turancinta na 'yan garin ne, Hausarta kuwa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. A tsaye a zaure ta ba ni labari. Mahaifinta, Baba Filibus, mutumin Numan ne. Ya zo karatu yana saurayi, ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti har ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Sai ciwon mantuwa ya kama shi. Da farko sunaye ya ɗauke, sannan hanyoyi, daga baya ya ɗauke Turancin gaba ɗaya. Abin da ya rage a bakinsa Hausa ce da yaren garinsu.

"Yana yi mini magana, ban san me yake cewa ba," in ji ta da Turanci. "Ubana ne, kuma ina buƙatar tafinta."

Yana zaune a kujera ya juya wa ƙofa baya, dogo, ƙashi da fata, da hular ulu. Na durƙusa a gefensa.

"Sannu, Baba. Ina kwana?"

Ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallona.

"Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan masunta ne, Baba. Daga Yawuri."

"Yawuri!" Sai ya kece da dariya. "Ku da ɗan ruwanku. Ka taɓa ganin Binuwai da damina?"

"Ban taɓa ba. Amma Kwara ta fi ta."

"Ƙarya kake, yaro. Zauna."

Na waiga na ga Anti Saratu ta toshe baki da hannu tana kuka. Ta ce rabon da ta ji dariyarsa har ta manta.

Haka na zama na Baba Filibus. Ni ke yi masa wanka, in yi masa aski, in yanke masa farce. Na samo kuka da daddawa a shagunan unguwar, na tuƙa masa tuwon semo, ya ci yana kushe miyar. Yakan rera waƙoƙin coci da Hausa, baiti bayan baiti babu tuntuɓe, alhali bai san ko ya karya kumallo ba. In ya ga ina duban agogo sai ya ce, "Tashi ka yi sallarka, ba inda za ni." Wani lokaci ya san ni Nafi'u ne. Yawanci kuwa Bitrus yake kirana, ƙaninsa da ya rasu tun da daɗewa. Da farko ina gyara masa. Da na ga gyaran yana sa shi firgita, sai na riƙa amsawa.

Akwai ranakun da in ina cuɗa masa baya sai hannuna ya tsaya. Babanmu ma ya tsufa. Ban san wa ke cuɗa masa nasa bayan ba.

Da sanyi ya fara sauƙi, rana ta fara daɗewa, sai Baba ya tsiro da magana ɗaya: a kai shi gulbi. Da safe gulbi, da yamma gulbi. Ya cire riga ya tsaya a bakin ƙofa. Wata rana Anti Saratu tana sama, ya buɗe ƙofa ya fita ba takalmi. 'Yan sanda ne suka same shi a bakin wani ɗan rafi da aka ɗaure da kankare, yana neman hanyar sauka. Bayan wannan wata ma'aikaciyar hukumar gari ta zo, mace mai kirki, ta ce in ya sake fita dole a yi maganar care home, gidan kula da tsofaffi mai ƙofa a kulle. Na san irin gidajen, na yi shift a cikinsu. Za a kula da shi, amma babu mai ce masa ina kwana. Aka ƙara wa ƙofa sakata. Shi kuma ya daina cin abinci. In na kai cokali sai ya kau da kai.

"Bitrus, me na yi muku?" ya ce. "Ruwa kawai na ce."

Muka gwada abin da za mu iya. Na kai shi wurin iyo na cikin gini da ke kusa. Ya shaƙi warin magani, ya ɗaga kai ya ga rufi, ya ji ihun yara yana amsa-kuwwa, ya ce, "Wannan ai banɗaki ne." Muka kai shi tafkin wani lambu, ya ga agwagi ya yi murna, ya fara cire takalmi, na riƙe shi saboda an hana shiga. Ranar ya zage ni da yaren da ban sani ba, ya yi kuka a mota har gida.

A kicin ne Anti Saratu ta tuna. Ta ce suna yara, duk bazara sai ya zuba su a mota ya kai su wani ƙaramin gari a wajen Birmingham, inda akwai tafkin iyo a fili, ba rufi, a kufan wata tsohuwar fada. Ita tsoron ruwa take ji, a kan ciyawa take zama da ice cream. Shi kuwa in ya shiga sai an yi ta roƙonsa ya fito. Ta duba a waya, wurin yana nan, kuma akwai lokacin da suke ware wa tsofaffi da safe.

Likitansa ya ce zuciyarsa za ta iya, muddin ruwan da ɗumi kuma akwai mai riƙe shi. Agency suka ce ba ruwansu: in zan shiga ruwa da shi, sai dai a ranar hutuna, a kan kaina. Na san abin da wannan ke nufi. In wani abu ya faru, aikin ya tafi, zamana a ƙasar ma ya tafi, da duk abin da Rashida ta yi haƙuri dominsa.

"Nafi'u, ba dole ba ne," in ji Anti Saratu. "In ka ce a'a, ba zan riƙe ka ba."

Na leƙa falo. Yana zaune ba riga, ya naɗe tawul a wuya, yana jira.

"Anti, a ruwa aka haife ni. Mu je."

Garin yana kan tudu. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin tsofaffin gidaje har muka iso wata ƙofar dutse wadda ba ta da gini a bayanta. Abin da ya rage na fadar ke nan, sai wani dogon ɓangaren ganuwa da ciyawa ta fito a jikinsa, da tudun da aka ce hasumiya ta taɓa tsayawa a kai. Matar da ke sayar da tikiti ta ce an rushe fadar a wani yaƙi tun zamanin kakannin kakanni, mutanen gari suka kwashe duwatsun suka yi gidaje, daga baya aka haƙa tafki a tsakar gidan don kowa ya shiga. Ta kalli Baba, ta kalle ni, ta ce masu rakiyar marar lafiya ba sa biya.

Ban shirya wa abin da na gani ba. Ruwa shuɗi, shimfiɗe a fili, tururi yana tashi a kansa saboda sanyin safiya. Sama a buɗe. Hankaki a kan ganuwa. Iska tana kaɗa fuskar ruwan tana yi masa 'yan ƙananan tuddai, abin da ruwan cikin gini ba ya yi. Tsofaffi maza da mata suna iyo a hankali. Na sa dogon wando da riga, na sunkuyar da kai, don ban saba da irin wannan cakuɗuwa ba. Ba wanda ya kula da shigata.

Baba ya tsaya cak. Ya buɗe hanci ya shaƙi iska.

"Ruwa ya sauka," ya ce. "Bana bai yi ja ba."

Muka bi matakala, ni a gaba ina tafiya da baya, hannuwana a ƙarƙashin hammatarsa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ya ɗebi ruwa da tafi biyu ya zuba a ka, ya shafa fuska. Sai ya ture hannuna.

"Sake ni, kai. Ni za ka koya wa?"

Na sake shi, amma ban matsa ba. Ya kwanta a kan ruwan ta gefe ɗaya, kai a sama, hannu ɗaya yana yanka, ƙafafu suna bugu. Ba irin iyon Turawa ba, irin namu ne na mutanen gulbi, wanda ake yi ana kallon inda igiyar ruwa za ta kai mutum. Tsohon da sai na ɗaga masa ƙafa yake sa wando, ga shi yana tafiya a kan ruwa sumul. Na bi gefensa. Rabona da in ji ruwa ya ɗauke nauyina tun ranar da na yi sallama da gida. Na nutsa kaina na ɗago, don kada a gane abin da ke fuskata.

Sai ya nufi wuri mai zurfi. Kafin in sha gabansa ya buɗe baki zai yi magana, ruwa ya shiga, ya sarƙe. Kansa ya nutse. Na ji Anti Saratu ta ƙwala ihu, na ga matar da ke gadin ruwan ta miƙe daga kujerarta. Na shiga ta ƙarƙashinsa, na tallafo haɓarsa, na kwantar da bayansa a ƙirjina yadda ake ɗauko wanda kwale-kwale ya kife da shi. Ya yi tari, ya yi tari, har na ce shi ke nan, na kashe uban mutane. Mai gadin ta tsuguna a baki da sanda a hannu tana tambayata ko a fito da shi.

Sai na ji ƙirjinsa yana girgiza a hannuna. Dariya yake yi.

"Bitrus, ka tsorata!"

"Na tsorata, Yaya."

"Matsoraci. Dubi can." Ya nuna ganuwar da ke ɗaya gefen. "Ka ga gaɓa? Mama tana can tana wanki. Mu ƙetara kafin ta gama."

Na ɗaga wa mai gadin hannu. Ta gyaɗa kai, ta riƙa bin mu ta baki. Na yi wa Anti Saratu alama ta zagaya can. Muka ƙetara tare, hannuna a ƙarƙashin cikinsa, shi yana bugu yana ba ni umarni, in yi dama, in kula da dorina. Wani tsohon Bature ya matsa ya ba mu hanya, ya sara wa Baba kamar soja.

Da muka taɓa bango, Anti Saratu tana durƙushe da tawul, fuskarta sharkaf. Baba ya ɗaga kai ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Mama, mun dawo."

Ta dube ni. Na fassara mata a hankali. Na zaci za ta ce masa ita Saratu ce, kamar yadda ta saba. Sai ta tattaro 'yar Hausar da take da ita, ta miƙa masa hannu.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Zo. Abinci."

A kan ciyawa, a gindin ganuwa, ya cinye kifi da dankalin da aka sayo masa, ya sa hannu a nawa. A mota ya yi barci da kansa a kafaɗata, gashinsa yana warin maganin ruwa.

Duk bazarar nan, ranar hutuna ta zama ranar gulbi. In an yi ruwan sama ma zuwa muke, ya ce ai dama da damina ake jin daɗinsa. Mutanen wurin suka san shi, suna gaishe shi da "sannu" a karkace. Ya daina zuwa bakin ƙofa. In ya tambaya sai in ce jibi, ya yarda. Ba a sake maganar care home ba.

Da ganye ya fara zuba suka rufe wurin sai wata shekara. Na yi ta ce masa ruwa ya yi yawa, a jira ya sauka. Bai kai ba. A tsakiyar sanyi ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu a gadonsa, Anti Saratu tana riƙe da hannu ɗaya, ni ina riƙe da ɗayan. A Birmingham aka binne shi kusa da matarsa. Na tsaya a bayan coci, na ji mutanen Filato da Adamawa da Kudancin Kaduna suna rera waƙoƙin da na haddace a bakinsa ba da niyya ba.

Da bazara ta zagayo na hau jirgin ƙasa na koma ni kaɗai. Na yi iyo har hannuwana suka mutu. An hana ɗaukar hoto a bakin ruwa, don haka da na fito na hau tudun hasumiyar, inda ake hango tafkin daga nesa, na kira gida. Rashida ta je gidanmu da Ummi, sai ta miƙa wa Babanmu wayar. Ya kawo ta dab da ido. Ya rame fiye da yadda ake gaya mini.

"Ina ne nan kake, jikinka a jiƙe?"

Na juya wayar na nuna masa.

"Akwai kifi?"

"Babu, Baba."

"Ko ƙarfasa?"

"Ko ɗaya. Na wanka ne kawai."

Ya yi tsaki, ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa sai ya ce, "Ni ma na daina shiga. Ƙafafun sun ƙi. A baki nake zama in ga yara suna fita da taru. Na ce ƙannenka su riƙe ni in ɗan jiƙa jikina, sun ce tsoro suke ji kada in faɗi." Sai ya ƙara da cewa, "Kai ba ka da tsoron ruwa. In ka zo, kai za ka shiga da ni."

Takarduna suna hannun hukuma a lokacin, ina neman a sabunta mini izinin zama, kuma in na fita ƙasar kafin su amsa, neman ya rushe. Ba wanda ya san yaushe za su amsa. Na buɗe baki in yi masa bayani, na ga ba bayani ya tambaye ni ba.

"In sha Allahu, Baba. Ni zan shiga da kai."

"To," ya ce. "Kada ka daɗe."